Tara faifan garmaho: a tsaya kan waƙoƙin Hausa ko a buɗe kunne ga kowane irin kiɗa?

Mai Garmaho, Kano

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna a tsanake, musamman da yake na lura matasa sun fara shigowa harkar tara faifai. Mutumin da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, mai ƙaramin ƙarfi, wanda yake son ya tara faya-fayan garmaho, shin ya fi dacewa ya tsaya kan mawaƙanmu na Hausa kaɗai, ko kuwa ya karɓi duk faifai mai kyau da ya faɗo hannunsa, na Indiya ne, na Kwango ne, na Masar ne ko na Amurka?

Ni dai ina tare da masu buɗe kunne, kuma dalilina shi ne abin da ake tararwa a akwatunan dattawanmu. Duk wanda ya taɓa buɗe adakar faifai ta wani tsohon ma'aikacin reluwe ko malamin makaranta ko soja na shekarun 1960 da 1970 ya san ba iri ɗaya zai gani ba. Faifan Alhaji Mamman Shata yana jingine da na Mohammed Rafi, bayansu ga Jim Reeves, ga Franco na Kinshasa, ga Rex Lawson, ga Ummu Kulsum, ga James Brown wanda ya zo Legas ya yi wasa a 1970. Haka iyayenmu suka saurari kiɗa, kuma idan muka tsince na Hausa muka watsar da sauran, za mu bar wa 'yan baya hoton wata Arewa mai toshe kunne wadda ba a taɓa yin ta ba. Ina son jin ra'ayin manya, musamman Alhaji Na-Zazzau da na san ya daɗe a wannan fage.

Alhaji Na-Zazzau

Wa alaikumus salam. Malam Mai Garmaho, duk abin da ka faɗa game da akwatunan dattawa gaskiya ne, amma ban yarda da inda ka kai maganar ba. Faifan Jim Reeves yana nan kamar jamfa a Jos, domin an buga shi a Amurka, an buga shi a Ingila, an buga shi a ƙasashe da dama, kuma ko yau mutum ya shiga shafin cinikin faifai na Discogs zai same shi da ɗan kuɗi kaɗan. Idan wanda ke hannunka ya fashe, duniya ba ta yi asarar komai ba. Faifan Shata ko na Ɗan Maraya Jos kuwa wani lamari ne dabam.

Manyan kamfanonin faifai na wancan zamani, wato EMI da Decca da Philips wanda daga baya ya koma Polygram, duk a Legas suke da zama, kuma kasuwarsu mai ƙarfi tana Kudu. Su kuwa mawaƙanmu ta rediyo suka fi isa ga jama'a, musamman tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, domin talaka yana iya mallakar akwatin rediyo mai batir amma garmahon lantarki sai mai albashi. Saboda haka abin da aka buga na Hausa a faifai bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na hailaif ko juju. Sai kaset ya zo ya mamaye kasuwa, masu kwafar waƙa ba bisa ƙa'ida ba suka cika ko'ina, darajar naira ta faɗi bayan 1986, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 Turawan kamfanonin sun fara tattara nasu ya nasu. Da yawa daga cikin zaren asali da aka ɗauki waƙoƙin a kai sun yi ɓatan dabo. Wannan yana nufin faifan da ke ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Tudun Wada yana iya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a doron ƙasa. Mai kuɗi kaɗan da wurin ajiya kaɗan ya kamata ya san inda zai zuba su, kuma ni a ganina nan ne wurin.

Hajiya Uwar Gida, Fagge

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da ja a kan wani ɓangare na bayaninka. Ka ɗauki faifan waje a matsayin baƙon da babu ruwansa da tarihinmu, alhali waƙoƙin Indiya sun shiga jinin kiɗan Hausa ta yadda ba za a iya ba da labarin ɗaya a bar ɗaya ba. Mu matan da muka taso a cikin birni ba a barinmu zuwa silima irin su Plaza da Rex, saboda haka muryar Lata Mangeshkar ta rediyo da faifai ta iso mana cikin gida. Ina riƙe da ƙananan faya-fayai masu juyi 45 a minti na kamfanin HMV na Indiya, waɗanda aka buga a masana'antarsu ta Dum Dum da ke Kalkata, mafi yawansu waƙa biyu a kowace fuska daga fim ɗaya, da hoton kare yana sauraron garmaho a takardar tsakiya. Wanda ya saurare su da kyau, sannan ya saurari masu bege da suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya a Kano, sannan ya zo kan waƙoƙin finafinan Hausa, zai ji zaren da ya haɗa su da kunnensa, ba sai wani ya ba shi labari ba.

Abin ma ya kai ga cewa a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifan garmaho. Waƙar da aka haifa a situdiyon kwamfuta a Kano ta koma kan faifai, kuma mai sauraronta a can zai fahimce ta sosai ne idan ya san na Indiyan da suka gabace ta. Don haka ni ba na raba akwatina gida biyu.

Ɗalibi, Samaru

Iyayena, ina gaishe ku da girmamawa. Ni sabon shiga ne, kuma kafin in kai ga zaɓen abin da zan tara, akwai tambayoyi biyu da suka tsaya mini. Na farko, da gaske ne sautin faifai ya fi na waya ko na CD daɗi, ko kuwa sha'awar tsohon abu ce kawai? Na biyu, na ga ana tallar wasu ƙananan garmaho masu siffar jakar hannu a intanet da araha, shin su ne ya kamata mai farawa ya saya?

Injiniya, Kaduna

Ƙanena Ɗalibi, zan amsa maka bisa gaskiyar abin da na'ura ke nunawa. Idan aka auna, CD mai kyau ya fi faifai tsabtar sauti, ba shi da ƙaraf-ƙaraf, kuma tazarar da ke tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi ta fi faɗi a cikinsa. Faifai kuwa yana da iyakoki na zahiri, domin allura ce ke bin siririyar tsaga tana girgiza, kuma idan ta matso tsakiya, inda da'irar ta ƙanƙance, sautin yana ɗan raguwa da kyau. Shi ya sa masu shirya faifai sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska. Amma akwai dalilai biyu da suke sa mutane su ce faifai ya fi daɗi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Da yawa daga cikin waƙoƙin da aka sake fitarwa a zamanin CD da waya an matse sautinsu don ya yi ƙara, har ganga da murya da garaya suka dawo mataki ɗaya, alhali faifan asali ya bar wa kowane kayan kiɗa sararinsa. Sannan yanayin sauraron kansa dabam ne, domin babban faifai yana ɗaukar kusan minti 20 zuwa 22 a fuska ɗaya, kuma mutum yakan zauna ya ji shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. Ga mu nan kuma akwai dalili na uku wanda ya fi waɗannan nauyi, wato waƙoƙi da yawa na ƙasashenmu a faifai kaɗai suke.

Game da na'ura, sai ka fara sanin cewa faifai iri uku ne. Akwai tsohon mai juyi 78 a minti, wanda aka yi da shalak, wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, mai nauyi ne kuma yana fashewa idan ya faɗi. Akwai babban faifan roba mai inci 12 da juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, sai ƙaramin mai inci 7 da juyi 45 na kamfanin RCA Victor a 1949. Tsagar mai juyi 78 ta fi faɗi sosai, saboda haka allurarsa dabam ce, kuma ko da wasa kada ka ɗora faifan roba a kan garmahon da ake yi wa wani da hannu, mai allurar ƙarfe, domin sauraro ɗaya ya isa ya kashe shi.

Waɗancan masu siffar jaka ba na ba ka shawarar su idan faifan da za ka ɗora yana da daraja. Hannunsu ba shi da ma'aunin nauyi a baya, kuma allurar takan danna faifai da nauyin da ya kai giram 5 ko fiye, alhali na'ura mai kyau tana aiki da kusan giram 2. Gara ka nemi tsohuwar na'urar Japan ta shekarun 1970 ko 1980, irin su Technics ko Pioneer ko Sony, ka sa mata sabuwar allura. Ka tabbatar amfilifayarka tana da ramin da aka rubuta wa phono, domin tun daga tsarin da aka daidaita a kai a 1954 ana rage ƙarfin sauti mai kauri a ƙara na siriri lokacin yanka faifai, kuma wannan ramin ne ke mayar da kowanne matsayinsa. Idan babu shi za ka ji sauti siriri mai rauni. Abu na ƙarshe da ke cutar masu sayen kayan gwanjo shi ne bambancin wuta. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 mai bugu 50. Na'urar da injinta ke bin bugun wuta, idan an yi ta don Amurka, ko ka sa mata taransifoma ba za ta kai juyi 28 ba a maimakon 33 da sulusi, sai ka ji muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa. Irin wannan na'ura kuma takan yi tangaɗi a kan ƙaramin janareta. Masu injin da ke daidaita gudunsa da kansa, kamar Technics SL-1200 samfurin 1979 zuwa sama, ba su da wannan matsala.

Mai Garmaho, Kano

Injiniya ya gama magana a kan na'ura, bari in ƙara da abin da ya shafi faifan kansa, domin yanayin ƙasarmu ba ya yi masa sassauci. Zafin bazara a ɗakin da ke da rufin kwano, ko a cikin mota da aka rufe da rana, yana lanƙwasa faifai, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya dawo daidai. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, kuma a nisanta su daga bango mai zafi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ga bushewar iska da ke sa faifai ya riƙa jawo ƙurar da kansa. Da damina kuma fumfuna ke kama kwalin, gara da kyankyaso su cinye shi.

Ɗalibi, idan an miƙo maka faifai, ka zare shi daga kwali ka riƙe shi da tafin hannu biyu ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsagar. Ka fita da shi bakin ƙofa ka karkata shi ga haske. Za ka ga wasu zane-zane farare marasa zurfi waɗanda shigarwa da fitarwa daga kwali ke jawowa, waɗannan yawanci ba sa damun sauti. Wanda za ka ji tsoro shi ne zanen da farcenka ke tsayawa a kansa idan ka shafa a hankali, domin allura ma za ta tsaya a nan. Idan kuma tsagar ta yi furfura, ta rasa sheƙinta baƙi, to tsohuwar allura ta riga ta cinye ta, kuma wanki ba zai gyara ba. Wajen wanki, tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, wanda babu asid a cikinsa, da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi sun wadatar, a bi da'irar tsagar, a kiyaye takardar tsakiya. Sifirit kuwa kada ya kusanci mai juyi 78, domin yana narkar da shalak.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga manya daga wannan ɓangare na iyaka. Maganar Alhaji ta fi ƙarfi a wajenmu ma fiye da wajenku, domin mawaƙan Nijar mafi yawansu ba su samu shiga faifai ba sam, rediyon gwamnati da kaset ne suka riƙe muryoyinsu. Abin da ya shiga faifai tun da wuri, mafi yawansa Turawa masu bincike ne suka ɗauka, kamar faya-fayan da kamfanin Ocora na Faransa ya fitar a shekarun 1960 na makaɗan gargajiyar Nijar. Haka ma a wajenku, Ba'amurken nan David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 aka fitar da shi a manyan faifai biyu cikin jerin UNESCO. Wanda ke son jin yadda kakaki da algaita da kiɗan sana'a suke a wancan lokaci, waɗannan faya-fayan da aka buga a Turai zai nema.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata mu ɗauki masu zuwa daga waje a matsayin abokan hamayya ba. Mamman Sani, mai kiɗan ogan na Yamai, ya yi kaset ɗinsa a 1978, kuma shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin ba tare da waje ta san shi ba, har sai da Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013, ya kuma samu fita Turai yin wasa da ransa.

Alhaji Na-Zazzau

Ɗan Damagaram, misalinka mai kyau ne domin an nemi mai kiɗan, an yi yarjejeniya da shi, ya ci moriyar aikinsa. Irin wannan ba ni da ja a kansa, kuma haka aka yi da William Onyeabor na Inugu, wanda kamfanin Luaka Bop ya bi shi har ya amince aka fitar da tarin waƙoƙinsa a 2013. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya dabam ne. Tun da faifai ya sake yin kasuwa a Turai da Amurka, har ta kai a 2022 yawan faya-fayan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD karo na farko tun 1987, dillalai suka bazu gari-gari suna saye da buhu. Na ga wani dillali da idona ya kwashe kayan wani tsohon mai gyaran rediyo bayan rasuwarsa, magada suna ta godiya domin a ganinsu tarkace aka rage musu, kuma kuɗin da ya ba su gaba ɗaya bai kai abin da faifai ɗaya daga ciki zai kawo a waje ba. Babu wanda ya rubuta abin da ke cikin buhun, babu wanda ya kwafi sautin. Abin da ya fita ta wannan hanya ya fita ke nan, kuma jikan mawaƙin da ke son jin muryar kakansa sai ya roƙi wani a Landan ko Tokyo.

Ɗan Zango, Kumasi

Alhaji, mu a Gana mun riga ku ɗanɗana wannan. A da muna da masana'antar buga faifai a nan Kumasi, ta kamfanin Ambassador, amma taɓarɓarewar tattalin arziki a ƙarshen shekarun 1970 da dokar hana fitar dare da aka sa daga 1982 zuwa 1984 sun kashe gidajen rawa, makaɗa da yawa suka tafi Najeriya da Jamus da Ingila. Faya-fayan da suka rage dillalai sun kwashe mafi kyawunsu. Amma dole in faɗi ɗaya gefen, domin tarin da kamfanoni irin su Soundway da Analog Africa suka fitar ne ya sa matasanmu suka koma neman Ebo Taylor da Alhaji K. Frimpong. Kuma ajiya a gida ma ba ta da tabbas idan wuri ɗaya ce, domin ma'ajiyar kiɗa ta Bokoor da Farfesa John Collins ya kafa a gefen Akara ambaliya ta shige ta a 2011 ta lalata kaya. Abin da aka yi a Gini ya fi burge ni, inda aka kwafe taskar gidan rediyon ƙasar da faya-fayan kamfanin Syliphone zuwa kwamfuta da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka kuma sa su a intanet don kowa ya saurara.

A kan tambayar asali kuwa ina tare da Mai Garmaho, kuma ga hujjata. Daga 1933 kamfanin HMV ya riƙa turo faya-fayan kiɗan Kuba zuwa Afirka masu lamba da ke farawa da GV. Matasan Kinshasa da Barazabil suka saurare su har suka haddace, kuma daga nan rumbar Kwango ta samu siffarta, wadda ta dawo ta mamaye gidajen rawa daga Akara har Sabon Garin Kano. Wanda ya ga faifan GV a kasuwa ya wuce shi don na waje ne ya wuce tushen kiɗan da shi kansa yake nema. Ina ƙara jan hankalin Ɗalibi da ya riƙa juya ƙaramin faifai ya ji bayansa, domin waƙar da ta fitar da Manu Dibango duniya a bayan faifan da aka yi wa gasar cin kofin Afirka ta 1972 a Kamaru take.

Malam Na-Maiwurno, Sudan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in jefa wa Alhaji tambaya cikin ladabi: a wane akwati zai sa A'isha al-Falatiya? Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar aikin hajji ta kawo su Sudan, an haife ta a Kasala, ta je Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi a faifai, ta kuma zama cikin matan farko da suka rera waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Mafi yawan waƙoƙinta da Larabcin Sudan ne. Idan ma'aunin shi ne harshen Hausa za a bar ta a waje, idan kuma ma'aunin shi ne tarihin Hausawa to tana tsakiyarsa.

Haka nan ba kiɗa kaɗai faifai ya ɗauka ba. A 1961 aka kammala ɗaukar karatun Alƙur'ani cikakke da muryar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari a Masar aka buga shi a faya-fayai, kuma shi ne karo na farko da aka yi hakan da salon tartili. A gidanmu akwatin faifan karatu yana sama a kan kabad a lulluɓe da ƙyalle, na Muhammad Wardi da Ummu Kulsum suna ƙasa kusa da na'ura. Mai tara faifai da ya ci karo da irin waɗannan a gidan wani malami ya san ya samu abin da ya cancanci a adana.

Alhaji Na-Zazzau

Malam, A'isha tamu ce, kuma zan sa ta a gaba-gaba. Ni ma'aunina shi ne wanda idan ya ɓace ba za a samu madadinsa ba, kuma wanda babu mai neman sa idan mu ba mu nema ba. Da wannan ma'auni Bala Miller da ƙungiyarsa suna ciki, Bongos Ikwue da ya yi karatu a nan Zariya yana ciki, haka ƙananan ƙungiyoyin da suka yi wasa a otal-otal na Kaduna da Jos da Kano suka bar faifai ɗaya ko biyu. Ban hana kowa jin Rafi ko Franco ba, ni ma ina da su kuma ina jin su. Abin da nake cewa shi ne idan kuɗin aljihunka na faifai ɗaya ne, ga na Don Williams ga na Haruna Uji a gabanka, to ka san wanda ba za ka sake gani ba.

Ina kuma ba da shawarar mu fara abin da ya fi gardama amfani, wato rajistar faya-fayan Hausa da na sauran mawaƙan Arewa da Nijar da zango-zango. Kowa ya kawo abin da ke hannunsa a rubuta sunan mawaƙi, kamfani, lambar faifai da sunayen waƙoƙi. Ba sai kowa ya rabu da nasa ba.

Hajiya Uwar Gida, Fagge

Na goyi bayan rajista, kuma ina roƙon a kula da yadda za a shiga gidajen mutane. Mafi yawan abin da ya rage yana hannun mata ne, matan da mazansu suka rasu suka bar musu kayan a ɗaki, kuma faifan yana da matsayi a zuciyarsu ko da na'urar ta mutu tun tuni. Namiji baƙo ba zai shiga ya zauna da su ba, saboda haka wannan aiki yana bukatar mata. Idan za a saya a faɗa musu gaskiyar darajarsa, idan ba sa son sayarwa a nemi aro a kwafa a mayar, a kuma ba su kwafin a waya su ji. Ya kamata mu yi magana da 'yan gwangwan ma, domin idan an share gida wajensu kayan ke ƙarewa, kuma idan sun san akwai mai saye ba za su bar shi a rana ba.

Ɗalibi, Samaru

Na gode ƙwarai, iyayena. Zan iya ɗaukar nauyin rubuta rajistar a kwamfuta idan an amince. Sai dai ina bukatar Injiniya ya fayyace mini abin da zan nema daga kowane mai faifai, da kuma yadda ake kwafar sautin ba tare da an rage masa inganci ba.

Injiniya, Kaduna

Madalla, ƙanena. Daga kowane faifai ka nemi hoto huɗu: gaban kwali, bayansa, da takardar tsakiya ta kowace fuska, a ɗauka da hasken rana yadda rubutu zai karantu. Sannan mai faifan ya duba santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, zai ga wasu lambobi da haruffa da aka zana ko aka buga a jikin robar. Ya rubuto su yadda suke, domin da su ake bambanta bugun farko da na baya, kuma sau da yawa suna nuna masana'antar da ta buga. Idan babu shekara a jikin faifan a bar gurbin a buɗe, daga baya jerin lambobin kamfani zai taimaka a kintata ta. A ƙara da halin da faifan yake ciki, ko yana tsalle, ko ya lanƙwashe, ko kwalinsa ya ɓata.

Wajen kwafa, a wanke faifan tukuna, a haɗa na'urar da kwamfuta ta waya maimakon a kara wayar hannu a bakin lasifika. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. A adana a tsarin WAV ko FLAC, a bar kwafin farko yadda yake da duk ƙaraf-ƙaraf ɗinsa, gyara kuma a yi shi a kan kwafi na biyu, sannan a ajiye a wuri biyu mabambanta. Ɗora waƙoƙin a intanet ga kowa yana bukatar izinin masu haƙƙi, wato iyalan mawaƙan ko kamfanin da ya gaji kundin, saboda haka mu fara da rajista da adanawa. Ina da na'ura mai juyi 78 da allurarta, wanda ke da irin wannan faifai a Kaduna ko Zariya ya yi mini magana ta akwatin sirri, kuma kada ya saka shi a jaka ba tare da kwali mai tauri a kowane gefe ba.